Da gaske za su dawo mana da Superman mai fara'a?

(An yi wannan hirar ne kafin fim ɗin ya fito a Yulin 2025.)

Tsohon Ɗan Kallo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka saki tallan sabon fim ɗin Superman a watan Disamban 2024 nake ta maimaita shi a waya, har maiɗakina ta haddace kiɗan. An ce zai fito ranar 11 ga Yuli, 2025, James Gunn ne mai ba da umarni, David Corenswet kuma shi zai sa rigar. Tambayata ga waɗanda suka fi ni bin labarin: da gaske mutumin kirkin nan za su dawo mana da shi, ko daɗin bakin talla ne, mu shiga mu tarar da duhun da muka saba?

Ga abin da ya sa na damu. Ina ɗan shekara tara na fara ganin Superman, a gidan kawuna a Zariya, a kaset. Na 1978 ne, wanda Christopher Reeve ya fito. Mu goma sha wani abu a kan tabarma, babu mai jin Turancin sai kawu. Na ga inda ya cafe Lois, 'yar jaridar da yake so, da hannu ɗaya, ya tare jirgi mai saukar ungulu da ɗayan, muka yi ta ihu. Amma ba wannan ne ya zauna mini a rai ba. A wannan daren ya sauka a wata unguwa, ya ɗauko wa wata 'yar yarinya kyanwarta da ta maƙale a kan bishiya, ya miƙa mata yana murmushi. Kawu ya kaɗa kai ya ce, "Wannan ɗan halak ne." Mutumin da zai iya ɗaga dutse, amma bai raina kukan yarinya a kan kyanwa ba.

Da Man of Steel ya fito a 2013 na kalle shi da ɗoki. Henry Cavill da ya fito a Superman ya cika ido, ba na musu. Sai dai launin fim ɗin kamar an watsa masa hazo, benaye suna ta rushewa a kan jama'a, jarumin yana can yana dambe. Ya ƙare da karya wuyan Zod, mugun fim ɗin. Duk da haka abin da ya fi ci mini rai shi ne uban. A na 1978, Jonathan Kent, uban da ya rene shi, ciwon zuciya ne ya kayar da shi a gona, Clark, wato Superman, ya tsaya a kan kabari ya gane cewa duk ƙarfinsa bai hana ajali ba. Na fahimci wannan sosai ranar da muka binne mahaifinmu. A na 2013 kuwa, uban ne ya ɗaga hannu ya hana ɗansa cetonsa daga guguwa don kada asiri ya tonu, bayan tun yaron yana ƙarami ya nuna masa cewa wataƙila da ya bar 'yan makaranta sun nutse a cikin bas. Wane uba ne zai tarbiyyantar da ɗansa a haka? A Batman v Superman na 2016 kuma da ƙyar ka ga haƙoransa, ƙarshe ma aka kashe shi.

Yanzu ɗana yana da shekara takwas. So nake in zauna kusa da shi kamar yadda kawu ya zauna da mu.

Ɗan Sabon Gari:

Wa alaikumussalam Yaya. Da girmanka, amma ban yarda ba. Fim ɗin jarumai da ya fi kowanne a wurina shi ne na Batman, The Dark Knight na 2008, kuma babu wasan yara a ciki. Heath Ledger har lambar Oscar aka ba shi bayan rasuwarsa saboda yadda ya fito a Joker. Zack Snyder, wanda ya ba da umarnin Man of Steel da Batman v Superman, tambaya ce ya yi mai ma'ana: idan yau wani ya sauko daga sama wanda harsashi ba ya huda shi, murna za a yi ko tsoro? Ni na san tsoro za a ji. Batun Zod kuma, yana shirin ƙone wasu iyali da wutar idonsa ne a tashar jirgin ƙasa. Me kake so ya yi, ya tsaya lallashi? Duniyar da muke ciki ba ta ɗauko kyanwa daga bishiya ba ce.

Maman Biyu:

Malam Tsohon Ɗan Kallo, ina tare da kai, kuma ina ganin akwai dalilin sa rai. James Gunn da bakinsa ya ambaci All-Star Superman cikin littattafan zanen da ya dogara da su. Grant Morrison ne ya rubuta, Frank Quitely ya zana, fitowa 12 ne daga 2005 zuwa 2008. Ƙanina ya kawo mini shi lokacin da nake jinyar haihuwar tagwayena, na karanta shi a zaune ɗaya.

Ɗan Sabon Gari, ka ji yadda labarin yake: tun a farko Superman ya san mutuwa zai yi, hasken rana ya yi wa jikinsa yawa. Ka ga ai ba labarin raha ba ne. Abin da littafin ya bi shi ne yadda ya yi da sauran kwanakinsa. Akwai shafi ɗaya da ba na mantawa. Wata matashiya ta hau can ƙololuwar bene, rayuwa ta ishe ta, tana zaton likitanta ya yi watsi da ita. Sai ga shi a bayanta. Bai daki kowa ba, bai ɗaga komai ba. Ya gaya mata likitan tsaiko ya samu a hanya, ya ƙarfafa mata gwiwa, ta juyo ta rungume shi. Shafi ɗaya tal. Na rufe littafin na yi kuka.

Kuma asalinsa ke nan. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu 'ya'yan baƙin haure Yahudawa a garin Cleveland na Amurka, su suka ƙirƙire shi, ya fito a 1938 lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. A fitowarsa ta farko ya kutsa gidan gwamna cikin dare don a fasa kashe wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure, sannan ya je ya tare wani mai dukan matarsa. Mutanen da suke cikin wahala ne suka zana shi, kuma mai taimako suka zana.

Mai Gyaran Waya:

Ni dai tallan ya burge ni. Shuɗin rigar ya fito, jan ya fito, har ɗan kamfan nan ja da aka cire a 2013 ya dawo. Ga inda ya kāre wata yarinya da jikinsa. Fargabata biyu ce. Jarumai sun yi yawa, ga Green Lantern, ga Hawkgirl, ga Mister Terrific, kada su cinye masa fili. Sannan Gunn mutum ne mai son barkwanci, duk wanda ya kalli Guardians of the Galaxy ya sani. Kada a gudu daga duhu a faɗa shirme. Karen nan na Superman, Krypto, ma, mu nan ba mu saba da kare a cikin ɗaki ba, amma yara za su so shi.

Tsohon Ɗan Kallo:

Na gode muku duka. Ƙanena Ɗan Sabon Gari, ni ma ina son The Dark Knight, Batman ɗan dare ne, duhu ya dace da shi. Amma ka tuna jiragen ruwa biyun nan da Joker ya ɗana wa bam, ya ba kowane ɓangare abin tayar da na ɗayan? Fursuna ne ya karɓi nasu ya wurga ta taga. Ko Nolan da ya ba da umarnin fim ɗin bai yarda mutane sun lalace gaba ɗaya ba. Maganar Zod kuwa, ai marubuci ne ya kai Superman wannan lungun ya toshe masa kowace ƙofa. Da ya so, da ya bar masa ɗaya a buɗe.

Tallan ma da jini ya fara, yana kwance cikin dusar ƙanƙara ya sha kashi, sai da ya yi fito karen ya zo ya ja shi da alkyabba. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. A doke shi, ya ji ciwo, ya yi baƙin ciki. Abin da nake roƙo shi ne idan ya tashi, ya fara duba wanda gini ya danne kafin ya nemi wanda ya doke shi.

Idan Allah ya kai mu Yuli zan fara kallo ni kaɗai, in na ga ya dace sai in koma da yaron. Maman Biyu, don Allah ki tambayar mini ƙaninki inda ya samo littafin, kuma ko duka 12 ɗin suna haɗe a bugu ɗaya. Ina so in karanta kafin lokacin.