Shin Ya Kamata Shugaban Jami'a Ya Sauka Saboda Maguɗin Binciken Da Ba Shi Ya Yi Ba?

Dakta Hauwa: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk shugaban jami'ar da aka tabbatar da maguɗi a binciken da ke ɗauke da sunansa, wajibi ne ya ajiye muƙaminsa ko da ba hannunsa ne ya sauya alƙaluman ba. A watan Yulin 2023 shugaban Jami'ar Stanford ta Amurka, Marc Tessier-Lavigne, ya sanar da murabus bayan wani kwamiti ya duba maƙaloli 12 da sunansa ke ciki. Kwamitin bai same shi da aikata maguɗi ba, amma ya gano cewa wasu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun sauya bayanai, kuma shi bai tashi tsaye ya gyara ba a lokacin da aka ja hankalinsa. A ganina saukarsa ta yi daidai.

Malam Sani: Wa'alaikumus salam, Dakta. Ina girmama hujjarki, sai dai ina tsoron abin da irin wannan doka za ta haifar. Maƙala ɗaya kan ɗauki sunayen mutum goma ko fiye, kuma babu wanda zai iya tsayawa a kan kowane gwaji. Idan shugaba ya san cewa duk maguɗin da ya bayyana kujerarsa ce za ta tafi, to mun ba shi dalili mai ƙarfi na rufe maganar. A 2011 wasu matasan masu bincike uku suka tona asirin Diederik Stapel, wani farfesa da ke ƙirƙirar alƙaluman bincike na ƙarya, a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, hukumar jami'ar ta dakatar da shi ta kafa kwamiti, daga baya aka janye maƙalolinsa sama da 50. Da me za a tuhumi shugabannin da suka yi haka?

Farfesa Binta: Malam Sani, misalinka mai kyau ne, amma ka saurari kishiyarsa. A Cibiyar Karolinska, wata jami'ar likitanci ta ƙasar Suwidin, likitoci huɗu sun kai ƙorafi a 2014 cewa Paolo Macchiarini, wanda ke dasa wa marasa lafiya maƙogwaron roba, ya rubuta a maƙalolinsa cewa aikin yana nasara alhali takardun asibiti na nuna akasin haka. Cibiyar ta ɗauko mai bincike daga waje, Bengt Gerdin, ya tabbatar a 2015 cewa an yi maguɗi. Duk da haka shugaban cibiyar, Anders Hamsten, ya wanke Macchiarini a watan Agustan shekarar, bai kuma sauka ba sai a Fabrairun 2016, bayan wani shirin talabijin ya bankaɗo al'amarin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rayuka aka rasa a wannan aiki, kuma rahoton gaskiya yana kan teburin shugaban. Babu sunan Hamsten a matsayin wanda ya ƙirƙiri ƙaryar, amma hukuncin da ya yanke ne ya tsawaita ta.

Malam Sani: Ranki ya daɗe, a kan Hamsten ba ni da ja. Amma maganarki ta ƙarfafa tawa ce: abin da za a auna shi ne matakin da shugaba ya ɗauka bayan an sanar da shi. Ko a Stanford ɗin ma, jinkirin gyara ne kwamitin ya kama shi da shi.

Dakta Hauwa: Na yarda da rabin maganarka, Malam. Inda muka rabu shi ne batun suna. Mutumin da ya sa sunansa a matsayin jagoran bincike, da wannan maƙalar ya samu ƙarin girma da kuɗin tallafi, wataƙila da ita ya kai ga kujerar shugabanci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba zai yiwu ya karɓi yabo ranar da aka wallafa, ranar da aka gano ƙarya kuma ya ce aikin ɗalibinsa ne ba.

Malam Idris: Ni ɗalibin digiri na uku ne, ina neman afuwar malamaina in sa baki. A misalan nan uku, daga ƙasa maganar ta taso: matasan masu bincike, likitocin asibiti, da wani ɗalibi ɗan jarida da ya bankaɗo maganar a Stanford. Ɗalibin da ya ga maguɗi a ɗakin gwajin shugaban jami'a, wa zai kai wa ƙara, alhali takardar shaidarsa tana hannun wanda zai kai ƙararsa?

Farfesa Binta: Tambayarka tana kan hanya, Malam Idris. Shawarata ita ce irin wannan ƙorafi ya tafi kai tsaye ga majalisar gudanarwar jami'a, ita ta naɗa masu bincike daga waje, shugaban kuma ya janye hannunsa har a kammala, sannan a wallafa rahoton kowa ya gani.

Dakta Hauwa: Na amince da wannan tsari, Farfesa. Amma idan rahoton ya tabbatar da maguɗi a maƙalar da shugaban ya jagoranta, ina nan a kan bakana cewa ya sauka.