Baiwar koyarwa: sai da takardar makarantar Baibul?

Ishaya: Salama 'yan'uwa. Maganar da ta taso jiya bayan sujada ce na kawo nan tunda a bakin coci kowa sauri yake ya tafi gona. Dattawa na shawarar karɓar ajin baftisma daga hannun Baba Barau a ba wa Haruna da ya gamo makarantar Baibul. Ni dai ina goyon baya ɗari bisa ɗari, wanda bai zauna an koya masa ba bai kamata a damƙa masa koyarwa ba ko shekararsa nawa a cikin bi.

Mama Saratu: Haba Ishaya ɗana. Kai kanka a hannun wa ka yi ajin baftisma? Ba Baba Barau ba ne? Mu da muka fito daga gidan tsafi a ƙasar Sumailan nan ko baƙi ba mu sani ba, shi ya zaunar da mu a gindin darbejiya, ran da ya zo kan maganar fansa sai ya ce ku tuna gonar da mutum ya jinginar don yunwa, shekara da shekaru yana ganin wani na nome ta ba shi da abin karɓo ta, sai ɗan'uwansa ya zo ya biya kuɗin ya ce ga gonarka. Ya ce to haka Yesu ya yi da mu. Har yau in na ji kalmar fansa gonar nan nake gani. Wace makaranta ce ta koya masa wannan?

Ishaya: Mama ban raina Baba ba, ubana ne. Amma Yakubu 3:1 ya gargaɗe mu kada da yawanmu su zama masu koyarwa don shari'arsu ta fi tsanani. Abin ba na wasa ba ne.

Rifkatu: Yaya Ishaya ayar ba ta ambaci satifiket ba fa. 1 Korantiyawa 12 ta ce Ruhu ne ke raba baiwa ga kowa yadda ya ga dama, a aya 28 ma an lissafa masu koyarwa na uku bayan manzanni da annabawa. In baiwa ce to kyauta ce, ba a biyan kuɗin makaranta a saye ta. Bitrus da Yahaya ma ai 'yan majalisa sun gane ba masu ilimi ba ne, Ayyukan Manzanni 4:13.

Ishaya: Ƙarasa ayar mana ƙanwata, sun kuma gane mutanen nan sun zauna tare da Yesu. Wajen shekara 3 suna bin sa dare da rana, in wannan ba makaranta ba ce mene ne? Kuma bari in faɗi abin da ke damuna tsakani da Allah. Bara na je wani ƙauye can wajen Rano, na tarar mai koyar da su yana cewa ba laifi a rubuta aya a ɗinke cikin fata a rataya wa yaro don maganin mayu. Laya ke nan fa! Mutumin kirki ne, bakinsa da daɗi, mutane na son sa, amma ba wanda ya taɓa gyara masa. Abin da iyayenmu suka ƙone shi ake dawo mana da shi ta ƙofar baya.

Mama Saratu: Wannan kam abin baƙin ciki ne, ban musa ba. Amma Baba Barau bai taɓa koya mana haka ba.

Dauda: Ni ma na ga kishiyar haka. An taɓa turo mana mai difloma, awa guda yana ta kalmomin Helenanci, tsofaffi suna gyangyaɗi, aka tashi na tambayi kawuna me ka ji ya ce ya ji dai yaron ya yi karatu.

Haruna: Iyayena da yayyena ku yi haƙuri in sa baki tunda sunana ake kira. Ni ban nemi ajin nan ba. Abin da na karanto yana da amfani, yanzu na san yadda ake duba abin da ke gaban aya da bayanta kafin a ɗauke ta, da kuwa tsinke ta nake yi kawai. Amma ran da na tsaya gaban yara a Sande Sukul na yi bayanin alheri minti 20 suna kallona, Baba ya zo ya yi musu misali da gayya, mutane su nome maka gona ba ka biya ko sisi ba, nan take suka gane. Labarin Afolos ne ke ta yi min yawo a rai, Ayyukan Manzanni 18. Mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, ya san Littattafai, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani, da Bilkisu da Akila suka ji shi a Afisa ba su ƙwace masa bakin magana ba, jan sa gefe suka yi suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Kuma su masu ɗinkin tanti ne.

Rifkatu: Yauwa. Timoti ma ai tun yana yaro ya san Littattafai, bangaskiyar kuma daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gaje ta. Tun 1932 aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, wa ya yi ta karanta wa mutanen ƙauyukanmu shi in ba irin su Baba ba?

Ishaya: To na ji. Amma 2 Timoti 2:2 cewa ta yi a danƙa wa amintattu waɗanda za su iya koya wa wasu, ke nan dole a samu mai tantancewa. Wa zai riƙa jin abin da ake koyarwa a ajin?

Haruna: Yaya ni zan riƙa zama a ajin duk Asabar in dattawa sun yarda, Baba ya ci gaba da koyarwa, mu duba darasin tare ran Juma'a da yamma bayan an taso daga gona.

Mama Saratu: To wa ya tambayi shi Baban? Ba ya riƙe babbar waya, duk wannan maganar bai san ana yi ba. Ishaya gobe ka biyo ta gidana mu je mu same shi kafin zaman dattawa na Laraba.

Ishaya: To Mama, in na dawo daga zuba taki zan biyo. Amma maganar tantancewa sai na ɗaga ta a zaman.