"Suna linzami": wa ke riƙe da shi?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum. Jiya Juma'a limaminmu a nan Tawa ya yi huɗuba kan raɗin suna, ya ce "suna linzami ne", don haka uba ya zaɓa wa ɗansa na kirki. Da aka sauko sai gardama ta kaure a fada, wani dattijo ya ce liman ya karkatar da maganar, ba haka Bahaushe ke nufi ba. Har shayi ya huce ba a daidaita ba. Malamai da iyayenmu, ina ma'anar take?

Malam na Ƙwanni: Wa alaikumus salam. Liman yana da madogara. A cikin Buhari, kakan Sa'idu ɗan Musayyib ya zo wurin Annabi (SAW), sunansa Haznu, wato mai tsauri. Aka ce masa ya zama Sahlu, mai sauƙi, ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsauri bai rabu da gidansu ba. Haka aka mayar da Barra ta zama Zainab. Linzami shi ke juya kan doki, inda kai ya nufa nan jiki zai bi.

Sarkin Zango: Allah gafarta malam, duk wanda ya taɓa sa wa doki linzami ya san ƙarfen a baki yake, igiyar kuwa tana hannun mahayi. Doki ba ya jan kansa. Mutum na tsakiyar kasuwa ya ba ka baya, ka ce "Nomau!", ko yana cikin ciniki sai ya waiwayo. Maganar ke nan. Shi ya sa ake hana yaro amsa kira da dare in bai ga mai kiran ba, kuma shi ya sa matar kirki ba ta kama sunan mijinta, uwa ba ta kama na ɗan farinta. Ba kowa ake miƙa wa linzami ba.

Hajiya Ta-Illela: Ƴaƴana, ku saurari abin da kakarmu ke faɗa, Allah ya jiƙanta, ungozoma ce. Ta ce a ƙauyensu akwai wata mai wabi, haihuwa huɗu tana binnewa, ko ɗaya bai kai yaye ba, kuma duk sunayen annabawa aka sa musu. Da na biyar ya zo, ana yanke cibi tsofaffi suka naɗe shi a tsumma, ba a zanen goyo ba, suka kai shi bisa juji suka ajiye, suka juya baya kamar ba su so. Wata tsohuwa wadda ba dangi ba ta je ta ɗauko, ta ce ta yi tsintuwa. Aka huda masa kunne ɗaya. Ranar suna liman ya raɗa nasa a kunne, an yanka rago, wanzami ya yi aski, amma daga ranar ba mai kiran wannan suna a gidan. Ajuji ake ce masa, don abin da ke ɗaukar ƴaƴan ya ga ba a damu da shi ba, ya wuce. Kaka ta ce ta ga jikokinsa. Daga nan ne ake samun Abarshi da Abarta, da Ayashe, da Bawa wanda ake yi kamar an sayar. Ita cewa take suna linzami ne da ake ɗaure yaro da shi don ya zauna duniya.

Malam na Ƙwanni: Hajiya, Allah ya jiƙan kaka, amma rai da ajali na Allah ne, juji ba ya ƙara kwana.

Hajiya Ta-Illela: Malam, ita ma ba ta bar salla ba. Uwar da ta binne huɗu ba a yi mata faɗa.

Mushen Lakwal: Abin da ke damuna shi ne inda sunayen nan biyu ke karo a takarda. Yaro sunansa na yanka Muhammadu, gida ana ce masa Lawali don shi ne Muhammadu na farko, ƙannensa Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu. Uba ya je meri, wato ofishin magajin gari, ya rubuta Mahamadou, ranar shiga lakwal kawu ya kai shi ya ce Laouali. Ba wanda zai lura sai an zo haɗa takardun BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, a ga mutum biyu. Ga rubutun Faransanci: Shu'aibu ya koma Chaïbou, Abarshi ya koma Abarchi, harafi ɗaya ya bambanta sai an je gaban alƙali gyara. Kuma mu ba mu gāji sunan dangi irin na Turawa ba, sunanka ne sai na ubanka, shi ya sa jika da kaka ba sa haɗa suna a takarda. A Najeriya da yawa sunan gari suka ɗauka, kamar Shehu Shagari da ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, Shagari garinsu ne. Shawarata, abin da aka rubuta a takardar haihuwa a kwafe shi harafi da harafi ko'ina.

Kande Mai Fura: To in suna na jan mutum, ina rijiyar da aka yi wa unguwarmu alkawari tun kamfe biyu da suka wuce? Mai alkawarin sunan annabi gare shi, har da Alhaji a gaba!

Sarkin Zango: Ƙanwata, wannan ai linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Su lakabin da maroƙa suka ba su suke amsawa, sai ka haɗa da ganga kafin su waiwayo.

Ɗan Adar: Don Allah mu dawo kan magana.

Baba Tanko: Ba mu bar ta ba, ɗana. Yawancin sunayen gida ba gaba suke kallo ba, labarin ranar haihuwa suke riƙewa. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Cindo ya zo da yatsa shida, Anaruwa ana ruwa, Balarabe ranar Laraba. Wane hali sunan Talatu zai ja ta zuwa gare shi? Sai dai in an ce Garba a san Abubakar ne, Sanda Umaru, Kalla Musa, a nan kam ana fatan ya yi halin mai sunan.

Kande Mai Fura: Baba, to wadda aka haifa daren Alhamis bayan magariba, Lami ce ko Jummai? An yi wannan rigimar a maƙwabtanmu, kakanni biyu kowa da nata, yarinyar har yau duka biyun take amsawa.

Malam na Ƙwanni: Daren Juma'a ne, Jummai ce. Amma ƙirgen kwanan suna daban yake: a littafin fiƙihu na Risala, ranar da aka haihu in bayan alfijir ne ba a lissafa ta cikin bakwai ɗin, shi ya sa suna ke faɗowa a irin ranar da aka haihu, in mako ya zagayo.

Hajiya Ta-Illela: Kaka dai Lami za ta ce, don ba a kwanta ba tukuna.