Neman kalma: me za mu kira "body plan" kafin jibi?

Malamar Bayoloji:
Salamu alaikum malamai. Jibi zan yi wa ɗalibai bayani a rediyo kan dabbobin farko na teku, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: body plan. Kunama, fara da ƙaguwa duk gaɓa-gaɓa ne, ɓawo a waje, ƙafafu masu gwiwa. Wannan shiri ya bayyana tun zamanin Kambiriyan da ya fara kimanin shekaru miliyan 539 da suka wuce, har yau ba su sake shi ba. Na gwada "tsarin jiki", yara suka ɗauka tsarin narkar da abinci nake nufi.

Mai Fassara:
Fasalin jiki.

Ɗan Wurno:
Fasali kallon waje ne, Malama. Maciji da tana fasalinsu ya yi kama, amma maciji na da ƙashin baya, dangin kifi da akuya ne. Ni na ce zubin jiki. Ki duba masu zuba tukunyar dalma: mazubi ɗaya, tukwane ɗari.

Malamar Bayoloji:
Zubi ya zauna min. Sai dai tukwane iri ɗaya suke fitowa, dabbobin kuwa sun sha bamban. A duwatsun Burgess na Kanada da wani masani, Walcott, ya gano a 1909 akwai burbushin wata dabba, Opabinia, mai ido 5 da hanci kamar tiyo.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ɗiyata, wagga kalma ƙira ta. Tahi Maƙera Assada, nan Sakkwato, ki ga yadda ƙarhe guda ka zama lauje ko galma. Shekara nawa nika koya ma yara "ƙirajiki", kalma guda, babu sarari.

Mai Fassara:
Ranka ya daɗe, ƙa'idar rubutu ba ta yarda da wannan haɗin ba. Ƙirar jiki dai. Kuma in aka ce ƙirar jiki, samari za su tuna da 'yan dambe.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ƙa'idar wa? Kullum sai a kai zance Kano a sa mai hatimi? Nan Nana Asma'u tar rubuta waƙoƙi da Hausa tun boko bai zo ba.

Ɗan Wurno:
Baba ya yi gaskiya a nan. Ko dutsen farar ƙasa na Kalambaina cike yake da ɓawon halittun teku, na sha tsintarsu, amma sunayensu duk sai mun aro.

Malamar Bayoloji:
Na Kalambaina yara ne ƙanana, shekarunsu wajen miliyan 60 kacal. Amma na gode, misali ya samu: akwai masu zagaye da aka raba gida 5, saɓanin mu masu dama da hagu, kai da baya. Don Allah mu dawo kan kalmar, lokaci na tafiya.

Mai Fassara:
Jamusawa Bauplan suka ce, wato zanen gini. Zubi ya fi kusa, muna cewa zubin gida, zubin labari.

Malamar Bayoloji:
To zan ce "zubin jiki", in bi shi da misalin kunama da fara. Baba, a gafarce ni, zan ambaci ƙira sau ɗaya. Saura Cambrian explosion, wato yadda ire-iren dabbobi suka bayyana da yawa cikin ɗan lokaci a zamanin Kambiriyan, don in na ce "fashewa" a rediyo mutane bam za su ji.

Baba Tsohon Hedimasta:
Yi da zubin naki. Ni dai allona ƙirajiki shika ɗauka.