Shawarwari kan wasannin yaƙi masu nuna hari a ƙasashe na gaske

An tattauna kan yadda ya kamata a yi da wasannin bidiyo na yaƙi masu nuna hari a ƙasashe na gaske. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce gara kamfanonin wasanni su ƙirƙiro ƙasar da babu ita a taswira. An kawo misalin Battlefield 3, wanda Iran ta haramta a 2011 saboda ya nuna sojojin Amurka suna kutsawa Tehran.

Wasu suka ce sauya suna bai wadatar ba, kuma da gaskiyarsu. Call of Duty na 2019 ya ƙago wata ƙasa, Urzikstan, amma Rashawa sun fusata don sojojinsu aka nuna suna kashe fararen hula. Idan dole a taɓo yaƙin gaske, irin na birnin Falluja da ke Iraƙi, a saurari waɗanda suka rasa 'yan uwansu tun kafin a rubuta labarin. Iyaye kuma su duba shekarun da aka ƙayyade wa kowane wasa.