Malamai, guruf ɗin WhatsApp na ƙarar ku da wani abu kuwa?

Malamin_Lissafi:
Salamu alaikum 'yan uwa malamai. Lissafi nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati, 'yan SS3 nake ɗauka. Wallahi guruf na malamai da nake ciki sun kai 6 amma in ka cire barka da Juma'a da "an fara ganin alat?" ba abin da nake tsinta, data kawai nake ƙonawa. Yanzu kuma ɗalibaina sun matsa wai sai na buɗe musu nasu saboda JAMB da WAEC. Akwai wanda ya gwada ya ga amfani ko dai in haƙura?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni kam na ci moriya. Lokacin da zan zana jarabawar TRCN, wato hukumar rajistar malamai, ko linzamin kwamfuta ban iya riƙewa ba, sai muka ware mu 12 muka yi namu, kullum bayan isha'i mutum ɗaya ya turo tambayoyi 5, wanda ya turo siyasa ko tallan atamfa adimin ta yi waje da shi ba sani ba sabo. Har yau muna nan. Kwanaki wata ta turo bidiyon yadda take koya wa 'yan aji biyu ɗebewa da murafen lemo, washegari na sa yarana suka tsinto buhu guda. Taron yuyuyu ne ke kashe guruf Malam.

Tsohon_Hedimasta:
Ɗana ka buɗe, amma da sanin shugaban makaranta, kuma lambar iyaye za ka karɓa musamman na 'yan mata. Kar ka yarda ɗaliba ta biyo ka ta bayan fage da dare ko da tambayar darasi ce, bakin mutane ba shi da linzami. Sannan jarabawa na matsowa za ka ga an fara turo ekspo, ranar ka kulle shi ya zama kai kaɗai ke magana.

Ɗan_Ƙauye:
Ku kuna birni ne shi ya sa. Ajina yara sun haura 70, masu babbar waya a gidansu ba su fi 10 ba, cajin ma sai an kai shago an biya. Na gwada dandalin karatu na intanet, Nigeria Learning Passport ɗin nan da gwamnatin tarayya da UNICEF suka fito da shi a 2022, darussan ba laifi amma ina sabis ɗin? Saƙon murya nake yi na minti 2 da Hausa, wanda ya samu ya kunna wa 'yan unguwarsu.

Malamin_Lissafi:
Na gode ƙwarai. Baba na ji, gobe zan samu firinsifal. Malama don Allah akwai gurbin mutum ɗaya a naku? Ba na tallan komai.