Wa ya taɓa shiga Alausa ranar sauraron jama'a kan dokar shara?

Mai shago, Agege: Salamu alaikum. Kullum sai dai mu ji an ce "doka ta hana", an ƙara kuɗin kwasar shara ko an rufe kasuwa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ƙulla dokar nan a Legas, ko ta taɓa faɗo masa a ka, don Allah ya ba mu labari.

Dattijon kasuwa, Mile 12: Wa'alaikumus salam. Ni ƙungiyarmu ta taɓa tura ni Majalisar Dokokin jiha da ke Alausa, a Ikeja. Kafin a kira jama'a, ƙudurin ya riga ya wuce karatu na ɗaya da na biyu, yana hannun kwamitin muhalli. Zauren cike yake da lauyoyi da masu motocin shara na PSP, wato kamfanoni masu zaman kansu da ke kwasar shara, kowa da takardarsa a buge. Sai ka rubuta suna a ƙofa, in an kira ka a ba ka 'yan mintoci, da Turanci. Na waiga hagu da dama, masu hula irin tawa ba su cika benci ɗaya ba. Ga shi kuwa ganyen albasa da ruɓaɓɓen tumatirin kasuwarmu kaɗai na cika tirela.

Tsohon ɗan baro, Ojota: Baba, ku da kuka ga zauren ma kun more. Mu a Janairun 2018 muka ji an haramta tura baron shara, kuma a kan titi muka ji. Ina hanyar jujin Olusosun aka tare ni, aka ɗora barona a mota, ko igiyar ba a bar min ba. Lungunan da muke shiga har gobe mota ba ta shigarsu. Yanzu gwangwan nake saye.

Malamin makaranta, Obalende: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Amma a raba abu biyu. Babbar dokar muhalli ita ce wadda gwamnan lokacin, Ambode, ya sa wa hannu a Maris 2017, bayan ta bi ta majalisa mai kujeru 40. In an gama karatu na uku, gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya zartar da ita ba shi. Yawancin hane-hanen da ke biyo baya kuwa sanarwa ce daga ma'aikata, tana jingina da waccan dokar. Kuma kotu na iya taka birki: a 2015 ta ce hana zirga-zirga ranar sharar ƙarshen wata ba shi da madogara a doka.

Mai tuwo, Idi-Araba: To Malam, farar robar zuba abinci da aka hana a Janairun 2024 fa? Katan-katan na sara a Idumota, a waya 'yata ta nuna min sanarwar.

Malamin makaranta, Obalende: Hajiya, wannan kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ne ya sanar, ba sabon ƙuduri aka kai majalisa ba.

Dattijon kasuwa, Mile 12: Ana buga gayyatar sauraron jama'a a jaridu, mu ne ba ma dubawa. Malam, in ka ga wata ta fito ka sanar da mu da wuri. Ka rubuta mana takardar, motar zuwa Ikeja a wuyana.